Yadda Za Ka Bi Sawun Guguwar Teku Daga Zariya, Tun Tana Hadari a Kanmu

A mako na biyu na watan Yulin 2024 Hajiyarmu ta kasa barci. Yayata da ke aure a Hustan ta jihar Tekzas kwana biyu wayarta ba ta shiga, ga rediyo na ta faɗin wata mahaukaciyar guguwa mai suna Beryl ta kakkarya turakun wuta, ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan biyu cikin duhu. Da na shiga gaishe ta da safe, ko amsawa ba ta gama yi ba ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane labarin ƙasa, ba ka san da zuwan abin nan ba?" Na ce, "Hajiya, Amurka fa ake magana, ni kuwa ina Tudun Wada." Ta ce, "To wayar da kake dannawa dare da rana fa, ta mece ce?"

Yaya dai lafiyarta ƙalau, caji ne ya ƙare mata. Amma maganar ta tsaya mini a rai, balle da na bincika na tarar guguwar ta samo asali ne daga wata igiyar iska da ta bar gaɓar Afirka ta Yamma kusan mako biyu kafin ta isa can. Wato daga unguwarmu ta tashi. Tun daga nan na buɗe littafi, kuma abin da na koya a kansa shi zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Da farko, haɗa kayan aiki

Waya mai intanet, littafin rubutu mai layi, fensir da abin gogewa, rula, da gwangwani mai miƙaƙƙen baki irin na madarar gari. Sai taswirar Tekun Atlantika mai layukan digiri. Cibiyar sa ido kan mahaukaciyar guguwa ta Amurka, wato NHC da ke Miyami, tana da irin wannan taswira fanko a shafinta na nhc.noaa.gov, kyauta. Ka kai wa masu fotokwafi a bakin jami'a a Samaru ko a Kongo su fitar maka kamar guda biyar. Gwangwanin kuma ka ɗora shi kan bulo a tsakar gida, nesa da indararo da inuwar bishiya. Amfaninsa na nan tafe.

Ka san kalanda, ka san agogo

Kakar guguwar Atlantika a hukumance tana farawa 1 ga Yuni, ta ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ganiyarta wajen 10 ga Satumba. Ka lura yadda ta kusa dacewa da daminarmu. Amma teku bai san takarda ba: daga 2015 zuwa 2021, shekara bakwai a jere, kowace sai da aka raɗa wa guguwa suna kafin 1 ga Yuni, har a 2016 aka samu Alex a watan Janairu. Shi ya sa tun 2021 NHC ke fara fitar da bayaninta na kullum daga 15 ga Mayu. Kai ma ranar za ka buɗe littafinka.

Agogon da masu wannan harka ke amfani da shi shi ne UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, wanda wani lokaci za ka ga an rubuta da harafin Z a ƙarshen lamba. Namu ya fi shi da awa ɗaya, ba ya canzawa rani da damina. Bayanin hangen gaba, wanda a shafin aka rubuta Tropical Weather Outlook, yana fita sau huɗu a rana, da agogon Najeriya ƙarfe 7 na safe, 1 na rana, 7 na yamma da 1 na dare. Ni na safe da na bayan magariba nake dubawa, sun wadatar. Mai jiran na ƙarfe ɗayan dare a watan Yuni ɓarnar data kawai yake yi.

Karanta launuka uku

Kana buɗe shafin za ka ga taswira, wani lokaci wayam, wani lokaci da alamar X a kan ruwa. Ruwan ɗorawa yana nufin yiwuwar abin ya zama guguwa bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Ruwan lemo kashi 40 zuwa 60. Ja ya haura 60. Kowace alama tana da lamba biyu, ta awa 48 da ta kwana bakwai. Ka rubuta duka biyun da kwanan wata, domin ba lambar yau ce abin lura ba, inda ta dosa ne. Wadda ta tashi daga 10 zuwa 30 zuwa 50 cikin kwana biyu ta fi wadda ta kwana huɗu a kan 40 abin sa ido.

Idan ka ga an liƙa wa gajimaren lakabi irin 92L ko 95L, ba suna ba ne. Lambar bincike ce, daga 90 zuwa 99, in ta ƙare a sake komawa 90, harafin L kuma na Atlantika ne. Da yawansu a haka suke mutuwa.

Yanzu juyo gida: abin da ke wucewa ta kanmu

A nan ne ɗan Zariya ya fi mai zaune a Fulorida, don shi sai abin ya shiga teku yake ganinsa, mu kuwa shi ke kwashe mana shanya.

Kowa ya san hadarinmu daga gabas yake haɗowa. Dalilin yana sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, inda wata iska mai ƙarfi ke gudu daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Abin da ke haifar da ita bambancin zafi ne: hamadar Sahara a arewa tana tafasa, gaɓar tekun Gini a kudu tana da ɗan sanyi da laima. Wannan iska ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take kamar tafiyar maciji, kuma kowane lanƙwasa shi ake kira igiyar gabas ta Afirka. Sukan faro daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratso Chadi, su bi ta kanmu, su fita teku ta wajen Senegal da Gini, ɗaya bayan ɗaya, duk kwana uku zuwa biyar. Kimanin 60 ke fita a shekara. Galibinsu ba sa zama komai. Amma kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan mahaukatan guguwar Atlantika daga cikinsu suke fitowa.

Ga yadda za ka kama ɗaya. Duk safiya ka tsoma rula a gwangwani, ka rubuta milimita nawa aka samu, ka zubar. Ka ƙara da lokacin da hadarin ya taso da yadda ya zo: da ƙura da iska mai ɗage kwano ne, ko shiru ya sauko ya kwana yana zuba. Sannan ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a shafin intanet na Zoom Earth ko na Windy, ka mayar da agogon baya, ka ga curin gajimaren da ya yi muku ruwan, daga ina ya taso, yanzu yana ina. Sau da yawa za ka ga ya kunno ne da la'asar daga tsaunukan Filato ko na Azbin, ya kumbura, ya nufo yamma.

Akwai tarko a nan, ni ma na faɗa. Hadari daban, igiya daban. Hadarin da ya jiƙa ka a Kwangila gudu yake, yana iya yin kilomita 50 a awa ɗaya, kuma kafin gobe ya watse. Igiyar kuwa a hankali take tafiya, kamar rabin wannan gudun, tana haifar da sabon hadari kullum tana binne na jiya. Don haka kada ka bi gajimare ɗaya da ido. A Windy ka zaɓi iska, ka ɗaga tsayin zuwa 700 hPa, wato wajen kilomita uku daga ƙasa, ka nemi inda layukan suka lanƙwashe kamar bakin ƙwarya a kife, ko suke neman yin kewaye. Nan ne igiyar take.

Zariya tana wajen digiri 11 arewa, kusan 8 gabas. Dakar tana 17 yamma. Tazarar digiri 25 ke nan, igiya kuma takan ci shida zuwa bakwai a rana, saboda haka ka ba ta kwana huɗu, ko biyar in ta yi nawa. Ranar da lissafinka ya ce ta isa gaɓa, ka buɗe ɗaya bayanin na NHC mai suna Tropical Weather Discussion. Rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma a ciki ake jera kowace igiya da digirin da take da gudunta. Ranar farko da na ga lissafin fensirina ya dace da nasu, ban san lokacin da na yi kabbara a ɗakin malamai ba.

Kada ka yi mamaki in igiyoyin Yuni da Yuli sun shiga teku sun narke. Guguwa tana son ruwan da zafinsa ya kai digiri 26 da rabi, tana son laima, kuma tana son iskar sama da ta ƙasa su tafi tare, don in suka saɓa sai su yanke mata kai. A farkon kaka ruwan gefen Afirka bai gama ɗumi ba, sannan ga busasshiyar iska mai ƙura da ke fita daga Sahara ta lulluɓe tekun, tana kai ganiya daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta. Ɗan'uwan hazon da ke fasa mana leɓe da hunturu ne, sai dai shi a sama yake tafiya. A hoton tauraro za ka gan shi ruwan ƙasa-ƙasa a kan shuɗin teku. Shi ya sa guguwar watan Yuni galibi ba tamu ba ce, a can Mashigin Meziko ko yammacin Karibiyan ko gefen kudu maso gabashin Amurka take tsirowa. Namu, waɗanda ake kira 'yan Kabo Berde saboda tsibiran da suke bi ta kusa da su, sai marka ta kankama a watan Agusta.

Idan an raɗa suna

Matakan uku ne, kuma da gudun iska ake raba su. Masu jirgin ruwa da not suke awo, not ɗaya kilomita 1.852 a awa. Ƙasa da not 34 lamba kawai ake ba ta. Daga 34, wato kilomita 63, ta samu suna. Daga 64, wato kilomita 119, ta zama mahaukaciya, sai a shiga aji 1 zuwa 5. Aji 3 yana farawa daga kilomita 178, daga nan ake ce mata babba, aji 5 kuma daga 252.

Sanarwa tana fita duk awa shida, da agogonmu ƙarfe 4 na asuba, 10 na safe, 4 na la'asar da 10 na dare. Ka ja layi biyar a shafi: lokaci, digirin arewa, digirin yamma, gudun iska, da nauyin iskar tsakiya a milibar. Ka ɗiga fensir a taswira, ka haɗa da ɗigon baya. Milibar ɗin shi ne mai tona asiri: in yana sauka guguwa tana ƙarfi, ko da gudun iskar bai nuna ba tukuna. Mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atlantika shi ne 882, a cikin Wilma, Oktoban 2005.

Za ka kuma ga wani zane mai kama da mazurari yana buɗewa gaba. Ba faɗin guguwa ba ne. Inda cibiyarta za ta iya bi ne, kuma an auna shi yadda sau biyu cikin uku za ta kasance a ciki. Ruwa da ambaliya suna kaiwa nesa da shi. Kuma kada ƙaramin aji ya ruɗe ka. Allison ta watan Yunin 2001 ko mahaukaciya ba ta zama ba, amma ta tsaya a kan Hustan tana zuba har birnin ya nutse, sai da aka cire sunanta daga jeri.

Hasashen kwamfuta, da kunyar da na sha

Manya biyu ne, GFS na Amurka da ECMWF na Turai, kuma duka suna Windy da Tropical Tidbits. Wata rana a ƙarshen Mayu na ga GFS ya zana wani jan dodo a Mashigin Meziko, kwana goma sha uku gaba. Ban yi wata-wata ba na ɗauki hoton na tura zauren WhatsApp na gidanmu. Yaya ta sayi ruwan gora katan-katan, Hajiya ta sa aka yi sadakar waina. Ranar ta zo, ko yayyafi ba a yi ba. Yaya ta kira ni ta ce, "Ƙanena, kuɗin ruwana za ka turo ko katin waya?"

An san GFS da wannan hali na ƙirƙiro guguwa a yammacin Karibiyan a farkon kaka. Dokar da na kafa wa kaina tun ranar: abin da ya wuce kwana bakwai kallo ne kawai. Sai na ga manyan biyu sun yarda da juna, sun maimaita abu ɗaya sau huɗu a jere, kuma NHC ta sa alama, sannan nake rubutawa. Ɗan'uwa da ke can kuma, sanarwar hukumar garinsu zai bi, ba ta malamin Tudun Wada ba.

Kwatanta bana da shekarun baya

Wannan shi ne zaƙin abin, kuma aikin rani ne, lokacin da teku ya yi shiru. NHC tana da rumbun rahoton kowace guguwa, da kundin HURDAT2 da ya koma har 1851. Ka fara da sanin ma'auni. A lissafin 1991 zuwa 2020, matsakaiciyar shekara tana da masu suna 14, mahaukata 7, manya 3. Sunan farko yakan zo wajen 20 ga Yuni, mahaukaciyar farko wajen 11 ga Agusta, babbar farko wajen 1 ga Satumba.

Ka ware shafi biyu na tsakiyar littafi. Kowace shekara layi ɗaya: ranar sunan farko, inda ta tsiro, suna nawa kafin 1 ga Agusta, jimillar ƙarshe, da ko shekarar El Nino ce ko La Nina. El Nino, wato ɗumamar gabashin Tekun Fasifik, yana ƙara saɓanin iskar sama a Atlantika ya danne guguwa, La Nina kuma, wato sanyayar wannan yankin, ta sake mata mara.

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Cika layi goma kawai, za ka ga karin maganar bai ratsa teku ba. A 2013 Andrea ta zo a makon farko na Yuni, kowa ya ɗaura ɗamara, aka ƙare da mahaukata biyu tak, babu babba ko ɗaya. A 1997 an raɗa suna huɗu kafin ƙarshen Yuli, El Nino ya taso, watan Agusta ya wuce fayau. Juya shafin: a 1992 ba a raɗa sunan farko ba sai bayan tsakiyar Agusta, sunan kuwa Andrew ne. Igiyarsa ta bar gaɓar Afirka 14 ga wata, ranar 24 ya faɗa kudancin Fulorida yana aji 5. A 2004 ma shiru har ƙarshen Yuli, daga nan Charley, Frances, Ivan da Jeanne suka yi wa Fulorida rubdugu cikin mako shida.

Layin da ke da magana shi ne na "inda ta tsiro". Guguwar Yuni da ta fito a gefen Amurka ba ta faɗa maka komai game da Satumba. Amma in ka ga ta tsiro tun Yuni ko Yuli a tsakiyar teku, tsakanin Afirka da tsibiran Karibiyan, to ruwan ya yi zafi da wuri, ka gyara zama. Beryl ke nan: ta tsiro 28 ga Yuni, ta daki tsibirin Kariyaku na ƙasar Girenada ranar 1 ga Yuli tana aji 4, cikin daren ta kai aji 5, ta karya tarihin kai aji 5 da wuri da Emily ta kafa a tsakiyar Yulin 2005.

Ƙirga suna kuma yaudara ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin tauraron ɗan'adam ya fara gadin teku a shekarun 1960, ƙananan da suka yi kwana ɗaya suka mutu ba mai ganinsu, yanzu kuwa kowace sai ta samu suna. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne ACE, wato jimillar ƙarfin guguwa da daɗewarta, kuma da kalkuletar waya za ka yi shi. Duk awa shida ka ɗauki gudun iska a not, muddin guguwar ta kai matakin suna, ka ninka lambar da kanta, ka tara duka, ka raba da 10,000. Mai not 50 da ta yi yini da kwana: 2,500 sau huɗu, 10,000, ACE ɗinta 1. Mai not 100 a tsawon lokaci guda tana da 4. Matsakaiciyar shekara wajen 120 take tarawa. Shekarar 2020 ta fi kowace yawan suna, 30, har jerin ya ƙare aka ari haruffan Girka, amma ACE ɗinta kimanin 180 ne. Ta 2005 mai guguwa 28 ta haura 240. Ivan shi kaɗai ya tara 70, kusan ninki biyu na duk shekarar 2013.

Layi na ƙarshe da na ƙara wa teburina, wanda ba za ka samu a na Bature ba, shi ne yadda daminarmu ta kasance. Tun 1990 William Gray na Jami'ar Jihar Kolorado ya nuna shekarun da Sahel ta samu ruwa sosai sun fi yawan manyan guguwa, shekarun fari kuma akasin haka. A 1983, lokacin da fari ya addabi arewa, suna huɗu kacal aka raɗa, ga kuma El Nino da ya riga ya yi nasa aikin. Sai dai alaƙar ba ta tafiya a miƙe. A 2024 damina ta hau arewa fiye da ƙima, har cikin hamada aka yi ruwa, shekarar ambaliyar Maiduguri ke nan. Igiyoyin suka riƙa fita teku ta can sama, inda ruwa ke da sanyi ga ƙura, suna mutuwa. Daga Ernesto a 12 ga Agusta ba a sake raɗa suna ba sai Francine a 9 ga Satumba, a tsakiyar ganiya. Waɗanda suka ce kaka ta mutu, Helene da Milton suka ba su amsa, kuma dukansu biyu ta gefen Karibiyan da Meziko suka ɓullo.

Don cika wannan layin na shekarun da ba ka da gwangwani, ka duba bayanan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ko ka je Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samaru, wadda ta daɗe tana auna ruwan sama. Ni na haɗa da tambayar wani dattijo maƙwabcinmu mai gona a hanyar Shika. Na ce, "Baba, daminar 83 fa?" Ya ce, "Ɗana, wadda dawa ta tsaya iya gwiwa? Rubuta, sau biyu muka yi shuka." Na rubuta a gefen suna huɗun nan, da fensir.